Yadda Na Zama Mutum Goma Sha Ɗaya a Kuala Lumpur

Tun da na dawo ban huta ba. A masallacin jami'a, a teburin mai shayin bakin ƙofa, har a wurin ta'aziyya, sai wani ya matso ya ce, "Malam Habu, wai ya Malesiyar take?" Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma na lura duk sanda na maimaita shi sai benen da na zauna ya ƙara tsawo. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya kafin benen ya taɓo sama, kowa ya karanta ya bar ni in sha shayina.

Ga wanda bai san ni ba, malami ne ni a sashen nazarin ƙasa, kuma shekarata bakwai ina fama da digiri na uku a kan ambaliyar kogin da ya ratsa garinmu. Aikin na lissafi ne. Za ka zuba wa kwamfuta ruwan saman shekaru masu yawa, da tudu da kwarin ƙasar, ita kuma ta gaya maka in kogi ya cika wane ƙauye zai fara ci. Kwamfutar ofishina in ta kama wannan lissafi sai ta yi ta huci kamar motar itace a kan tudu, kafin ta kai ko'ina an ɗauke wuta. Don haka na koya wa shirin lissafin da na rubuta wata ɗabi'a ta matsorata: duk rabin awa ya tsaya ya adana inda ya kai. Duk da haka, da na ƙiyasta sai na ga aikin zai ci shekara biyu. Ana cikin wannan hukumar jami'a ta rubuto min cewa in ban miƙa kundina ba kafin ƙarshen zangon karatu, za a soke rajistata. Shekara bakwai ke nan za su bi ruwa.

Malamin da ke duba aikina yana da tsohon abokin karatu, farfesa a wata jami'a a Kuala Lumpur. Shi ya ce in zo in yi wata uku, ƙasarsu tana da wani tsari da ya haɗa manyan kwamfutocin jami'o'insu wuri guda don masu bincike, aikin shekara biyu sai ya koma na mako biyu. Asusun tallafin ilimi ya ɗauki nauyina bayan na yi safa da marwa tsakanin ofisoshi har takalmina ya san hanya.

Matata Saratu ta haɗa min kaya kamar mai tafiya yaƙi: kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, yaji. Ni kuma na ƙara ƙunshin kilishi biyu masu kyau, ɗaya na farfesa, ɗaya na duk wanda ke riƙe da ɗakin na'urar, don ban taɓa jin inda ake tunkarar mai ƙofa hannu rabbana ba. Muka ya da zango a wata ƙasar Larabawa, inda na yi awa takwas a kan kujera tare da wani Alhaji ɗan kasuwar atamfa mai tafiya Sin. Ya tambaye ni wane kaya zan saro. Da na ce masa aron kwamfuta zan je, ya daɗe yana kallona da tausayi, sannan ya ce in na ga dama ya taho min da guda daga can, ai ba sai na bar iyalina ba.

A filin jirgin Kuala Lumpur koren fasfo ya yi aikinsa. Jami'in ya karanta shi shafi-shafi, har da shafukan da babu komai a ciki, sannan aka kai mu wani ɗaki ni da wasu mutum uku, aka sake tambayarmu abin da aka riga aka tambaye mu. Ba wanda ya ɗaga mana murya, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. A wurin kwastan aka buɗe robar daddawa, jami'in ya toshe hanci, shi da a ƙasarsu ake cin wani ɗan itace mai suna duriyan wanda saboda warinsa aka hana shiga jirgin ƙasa da shi. Daddawa ta tsira. Kilishi kuwa aka ce nama ne, nama ba ya shiga. Ina tsaye ina kallo aka jefa duk dabarar da na zo da ita cikin kwandon shara.

Wanda ya tarye ni shi ne Malam Isyaku, Bazazzage, injiniya, shekararsa shida yana nasa digirin na uku. Shi ne shugaban ɗaliban Arewa, duk baƙon da ya sauka a hannunsa yake sauka. Ya karɓi jakata ya ce, "Malam, relax lah, ka zo gida. Mu je mu makan tukuna, registration sai Monday." Makan shi ne cin abinci, kuma ita ce kalmar da na fara haddacewa.

Ya sauke ni a gidansa a unguwar Bukit Jalil, hawa na ashirin da uku, kuma a nan zan tsaya, ba zan ƙara ba. Matarsa, Maman Hanifa, ita ta riƙe ni da tuwo har na bar ƙasar, Allah ya saka mata. Na gai da 'ya'yansu da "Ina wuni", suka amsa min da Turanci cewa suna lafiya. A ranar farko na goge duk kayana kaf, na cika waya da caji, na cika bokitai biyu da ruwa na ajiye a banɗaki. Isyaku ya leƙo ya ga bokitan, ya yi dariya har ya dafa bango, ya ce shi ma haka ya yi a makonsa na farko.

Abincinsu ba laifi, in ka yafe musu sukari. Suna sa shi a shayi, suna sa shi a miya, ina zargin har a gishiri suna sa shi. Da sassafe mutum zai zauna ya ci shinkafa da aka dafa da madarar kwakwa, da ƙananan kifi da gyaɗa, ya tafi ofis bai yi gyangyaɗi ba. Ni na fi sabawa da shagunan Indiyawa Musulmi da ake kira mamak, inda ake yin wata gurasa mai laushi da shayin da ake ɗagawa sama ana zubowa kamar na Buzaye. A Brickfields, unguwar Indiyawa, an taɓa zuba min shinkafa a kan ganyen ayaba, na zauna ina jiran faranti har ta huce. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne layi. Mutane za su jera a tashar jirgin ƙasa ba ɗan sanda, ba dorina, babban mutum da furfurarsa a bayan ɗalibi, kuma bai ce wa kowa "Ka san ko ni wane ne?" ba.

Gwajin asibiti da katin ɗalibi suka cinye mako uku. Ranar da farfesa ya ce in je ofishin masu kula da na'urar, na sa babbar rigar shadda, na kafa hula, na ɗauki dabino da turaren da na saya a layin Masjid India a madadin kilishina. Ina zaton zan ga wani katafaren ɗaki da masu gadi. Sai na tarar da takalma a ƙofar wani ɗan ofis, a ciki wata mata da tabarau da kwamfutar da ba ta kai tawa girma ba. Sunanta Puan Aida, Puan ɗin kamar a ce Hajiya ne a wurinmu. Na gaishe ta, na ce ina son ganin oga. Ta ce ita ce. Na ce ina son ganin na'urar. Ta ce ita ma ba ta taɓa ganinta duka ba, domin ba a wuri ɗaya take ba. Kowace jami'a tana da tata, an haɗa su ne, in ka tura aiki sai duk wadda ba ta komai ta kama. Na ce a raina ashe gayya ce, kowa ya zo da fartanyarsa a taru a gonar mutum ɗaya, gobe a koma ta wani.

Na gyara zama ina jiran a fara ja min rai. Sai ta miƙo fom shafi ɗaya, ta ce farfesa ya sa hannu, in dawo da fasfo. Da na dawo ta kalli hoton, ta kalli fuskata, shi ke nan. Bayan kwana uku aka ba ni abin da zan kira makulli: wani ɗan fayil ne da ke shaida wa duk kwamfutocin ƙasar cewa ni ne ni, da kalmar sirri mai tsawo wadda ko ita ba ta sani ba. Ta ba ni takardar sharuɗɗa ta ce in karanta, na sa hannu yadda muke sa hannu. Sai ta ɗora yatsa a kan layi ɗaya.

"Encik Abu, wannan makullin kai ne," in ji ta, wato Malam Habu da bakinsu. "Duk abin da aka yi da shi, kai ka yi."

Na ce na ji. Dabinon kuwa ta ɗauka ta ajiye a teburin baranda, duk mai wucewa ya ɗiba.

Sannan ta nuna min yadda ake tura aiki ya shiga layi. Na sunkuyo na tambaye ta a hankali wane ne ke tsara layin, don in je in gaishe shi. Ta ce ba kowa, na'ura ce, kuma ƙa'idarta ɗaya: wanda ya ci da yawa a mai da shi baya. Na ce to in farfesa ya buga waya fa? Ta juyo allon ta nuna min sunan farfesan nawa, yana bayan wata ɗalibar digiri na biyu tun shekaranjiya. Gaskiya raina ya ɓaci a madadinsa. Da ta duba shirina ta ga yana tsayawa duk rabin awa yana adana aiki, ta yi murmushi ta ce in cire, ɓata wuri ne, a nan ba a ɗauke wuta. Na ce to. Ban cire ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Na yi wata guda ina tura ƙananan gwaji suna dawowa da kuskure. Saura mako biyar in tafi, abin ya daidaita, na fara shirin tura babban aikin mai cin mako biyu.

A nan ne shaiɗan ya shigo, kuma ta bakina ya shigo. Ran Juma'a bayan an sauko daga Masjid Jamek, 'yan Arewa sukan taru a wani mamak. Isyaku ya buga tebur ya sanar da jama'a cewa Malam Habu ya shiga grid, sunan da suke kiran na'urar gayyar ke nan. Ashe duk sun san da ita, kuma ba wanda ya taɓa nema, don kowa ya tabbata baƙo mai koren fasfo ba zai samu ba sai da ƙafa. Wani ya ce, "Malam, don Allah wa ka sani a ciki?"

Amsar gaskiya ita ce ban san kowa ba. Amma shekara bakwai ina zaman wanda ake yi wa jaje, ban taɓa ganin mutum goma sun dube ni da irin wannan idon ba. Na shafa gemu na ce, "To, kun dai san abin sai da hanya." Ranar ban biya kuɗin shayi ba.

Ran Lahadi, bayan na tashi da malmala biyu ta tuwon shinkafa da miyar taushe, Isyaku ya matso. Ya ce, "Malam, small simulation ne wallahi, two hours kawai. Ka san mu ba mu da connection irin naka." Me zan ce wa mutumin da nake kwana a ɗakin 'ya'yansa? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Na kwafa masa makullin a filashi, na rubuta masa kalmar sirrin a takarda, na ce kada ya ba kowa. Ya rantse. Daga baya na ji cewa shi ma da zai ba na gaba sai da ya sa shi ya rantse, haka na gaban ma. Ba a taɓa riƙe amana da yawan rantsuwa irin wannan ba.

Babban aikina ya kama, yana tafiya kashi-kashi, in kashi ɗaya ya ƙare na gaba ya shiga layi. Na fara lura kullum lambata a layin tana ja da baya, na ce ko dai nan ma akwai 'yan alfarma, an ɓoye min ne. A kwana na takwas na tashi na tarar da saƙo: an soke makullina, an tsai da duk ayyukana, in zo in ga Puan Aida.

Wannan karon ban sa babbar riga ba. Ta ce in zauna, ta juyo allon, ta fara karantowa a natse. Ran Litinin da hantsi ina lissafin ambaliya daga Bukit Jalil. A wannan sa'ar kuma ina gwada ƙarfin wata gada daga wata unguwa, ina binciken ƙwayoyin halittar sauro daga wata jiha, ina auna zafin injin mota, ina kuma hasashen makomar bankunan Musulunci.

"Encik Abu," in ji ta, "tun da na fara aikin nan ban taɓa ganin mai ilimi kamarka ba."

Kwamfuta goma sha ɗaya ta ƙirga, duk da sunana. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na so in ji haushin Isyaku, amma haushin ya ƙi zama, don na san wanda ya tsaga bangon da ƙadangaru suka shiga. Ta cire tabarau ta yi min tambayar da har yau ban gama amsa ta ba.

"Me ya sa ba su zo sun karɓi nasu ba? Kyauta ne. Kwana uku ne."

Ta yaya zan yi mata bayanin cewa mu in muka tarar da ƙofa a buɗe, zagayawa muke yi mu nemi taga, don mun tabbata buɗaɗɗiyar ƙofa tarko ce? Ta ce a ƙa'ida hukuncina dakatarwar wata shida ce. Ni kuwa kwana goma sha takwas suka rage min a ƙasar. Hanya ɗaya ce: duk wanda ya taɓa makullin ya zo da ƙafarsa da fasfonsa, sai ta roƙi kwamiti a ba ni sabo.

Na tara su a falon Isyaku bayan la'asar, na faɗi gaskiya: ban san kowa ba, ba hanya, ba ƙafa, fom ne shafi ɗaya. Na yi zaton za su zage ni. Abin da ya faru ya fi zagi ciwo, ƙin yarda suka yi. Mai binciken sauro ya ce in ji tsoron Allah in faɗi abin da na ba matar. Mai bankunan Musulunci ya ce wannan dabara ce ta a tattara su a soke musu biza, shi dai ba inda za shi. Isyaku ya ce a bar maganar tukuna, zai nemi wani da ya san wani a ofishin. Ina zaune ina kallon shekara bakwai ɗina suna narkewa a gabana, har idona ya kawo ruwa.

Sai muryar Maman Hanifa ta fito daga bayan labulen kicin. Ban taɓa jin ta sa baki a zancen maza ba sai ranar.

"Baban Hanifa, wato abin da ka yi shekara uku kana ce min sai mai uwa a gindin murhu, ashe fom ne shafi ɗaya? Yaran nan sun manta Hausa muna jiran lissafinka. To wallahi tukunyar gidan nan ba za ta sake hawa wuta don majalisa ba sai kun kai wa matar nan fuskokinku."

Abin da hujja ta kasa, tuwo ya yi. Bayan kwana biyu muka shiga jirgin ƙasa mu goma sha ɗaya, kowa da kaftani da koren fasfo a aljihu, fuska kamar masu rakiyar gawa. Mai bankuna har wasiyya ya bar wa matarsa. Muka jera takalma a ƙofar Puan Aida, ta kalli kowa, ta kalli hotonsa, ta ba shi fom, ta sa shi ya karanta sharuɗɗan da ƙarfi. Ba wanda aka kora. Da muka fito Isyaku ya daɗe yana juya fom ɗin, yana duba bayansa ko akwai inda aka ɓoye wani abu.

Sabon makullina ya fito saura kwana goma sha biyu, kuma aka ajiye ni a can ƙarshen layi, tunda a idon na'ura ni kaɗai na cinye rabon mutum goma sha ɗaya. Puan Aida ta ce ta tausaya min, aikin mako biyu ba zai shiga kwana goma sha biyu ba. Na ce mata ai ba daga farko zan fara ba, daga kwana na takwas zan ɗora. Ta buɗe ma'ajiyata ta ga tulin abin da shirina ya riƙa adanawa duk rabin awa, wanda ta ce in cire. Ta dube ni, ta dubi allon, ta ce lalle masu ba mu wuta a gida sun iya koyarwa.

Kwana huɗu ina kallon lambata tana matsowa. Ba wanda zan roƙa, ba wanda zan kai wa gaisuwa, kuma abin mamaki sai na ji hankalina a kwance. Aikin ya ƙare ana jibi zan tashi. Taswirar ta fito, wuraren da ruwa zai ci an shafe su da shuɗi. Na bi kogin da yatsa har garinmu, na ga unguwar da mahaifiyata take zaune tana cikin shuɗin tsundum. Shekara bakwai ina neman wannan hoton, da na same shi kuma sai na ji tsoro ya rufe farin cikin.

Na sayo wa Saratu mayafai a Masjid India, Isyaku ya raka ni filin jirgi da makullinsa na kansa a aljihu, yana ta ba sababbin zuwa labarin yadda ya yi fafutuka ya samar wa 'yan Arewa hanya.

Da na dawo na buga waya gida a fara neman wa tsohuwa wuri a kan tudu, sannan na haɗa kundina na kai wa shugaban sashe, don sai ya sa hannu zai wuce gaba. Ya karɓe ni da fara'a. Ashe labari ya riga ni isowa cewa makullina yana da sauran wata tara, kuma daga ko'ina yana aiki. Ya ɗora tafin hannunsa a kan kundin, ya ce yana da wani ɗan lissafi, bai fi na awa biyu ba.

Na kalli hannun, na kalli kundin. Na ce, "Ranka ya daɗe, ka gafarce ni, ba zai yiwu ba. Makullin ni ne. Amma zan haɗa ka da farfesan, in kuka ƙulla aiki tare sai a ba ka naka."

Ya yi murmushi ya ce, "Ba komai, Malam Habu. Bar kundin, zan duba."

Yau mako shida ke nan, saura uku zango ya ƙare. Don haka ku masu tambayata labarin Malesiya sannan ku rage murya ku ce akwai wata 'yar magana, amsar da na ba shi ita ce taku. A can, ko da aka mai da ni ƙarshen layi, kullum da safe ina ganin lambata tana matsowa. A nan kullum da safe nakan leƙa ta tagar sakatare, in hango kundina a inda na bar shi, an ɗora masa kofin shayi.